Notin da Ba a Ɗaure Ba

Wata bakwai ke nan cif da Baba ya hana a ambaci Mai Faci a cikin gidansa, kuma duk wanda ya zauna da Baba ya san ba ya magana biyu. Saura mako biyu magabatan yaron su zo neman auren 'yarsa aka yi abin da aka yi, Baba ya aika musu cewa su yi zamansu, ya fasa.

Abin da aka yi kuwa, tayar motar gida ce ta fice. Baba na tuƙi, Umma na gefensa, sun zo kwanar shiga kasuwa sai motar ta durƙusa ta hannun dama, tayar ta wuce su tana gudu ita kaɗai har ta je ta daki katangar wani shago. Allah ya taƙaita, ba gudu yake yi ba. Amma Umma ta tokare da hannu, wuyan hannun ya karye, har yau ba ta iya ɗaga butar shayi da shi sai ta tallafa da ɗayan.

Baba bai tambayi kowa ba, tsugunawa ya yi ya duba. Cikin ƙarafa huɗun da ke riƙe tayar, ɗaya ne ya karye, sauran ukun lafiyarsu lau, noti ne ya warware daga kansu ya zube a hanya. Bakaniken da ya shekara talatin da ɗoriya a ƙarƙashin motocin mutane ba ya buƙatar a yi masa bayani. Noti ɗaya aka ɗaure cikin huɗu, sauran da yatsa aka murɗa su aka bari. Kuma jiya-jiyan nan aka yi wa tayar faci a rumfar mutumin da ke neman 'yarsa.

A ranar Baba ya je rumfar, a gaban masu shaguna da masu wucewa ya wanke shi tas. Mai Faci ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, a yafe masa. Da Baba ya ji cewa tseren motoci ake kallo a waya lokacin da ake aikin, sai abin ya ƙara yi masa zafi. Ya ce wanda zai bar taya a kwance don kallon mahaukata suna zagaye fili, ba shi ba riƙe 'yar mutane.

Mutum biyu ne kawai a duniya suka san ba haka aka yi ba, ɗayansu kuwa a ɗakin da ke kallon na Baba take kwana.

Sifana ake ce mata, Baba ne ya sa mata tun tana rarrafe, don ba ta da abin wasan da ya wuce kayan aikinsa. Ta girma a gareji, ta iya sauke giyar mota ta mayar, ta iya jin ciwon inji da kunne. Babu abin da Baba ke alfahari da shi kamar ya ce wa abokansa 'yarsa ba ta taɓa barin aiki rabi ba. Kuma ita ce ta koya wa Mai Faci son tseren motoci, ba shi ya koya mata ba.

Ranar Lahadin da aka yi aikin, ita ta kai motar faci. Ya gama, ya mayar da tayar, ya murɗa noti da hannu, ya sauke jak. Sai wata mata ta tsaya da taya a sace tana roƙo a taimaka mata tana sauri. Sifana ta karɓi wilsifanar, ƙarfen ɗaure notin taya, ta ce ya je, za ta ƙarasa. Wayarta na jingine a jikin injin iska, ana shirin tashin tsere. Ta ɗaure noti ɗaya, fitilun ba da izinin tashi suka mutu, direban da take mutuwar so ya wuce mota uku a kwanar farko, ta yi tsalle ta saki ƙarfen a ƙasa. Daga nan ba ta sake tuna taya ba sai da aka kira ta daga asibiti.

Wata bakwai bayan haka, ranar wata Asabar da hantsi, ta bi ta rumfar, kamar yadda take yi duk lokacin da abin ya ci ta. Ta same shi zaune a kan tsohuwar taya, injin iska a kashe. Tun da Baba ya yi maganar nan a bainar jama'a masu motoci suka janye, sai masu keke da masu baro. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta tsaya daga nesa kaɗan ta gaya masa Dillali zai zo gidansu gobe. Dillali mai sayar da motoci ne, abokin hulɗar Baba, wata uku ke nan yana zaryar neman aurenta da turare da makullai a yatsa. Ya ji an ce tana son tsere, shi ne ya aiko da wata ƙatuwar talabijin aka kafa a falo, ya ce tseren ƙarshe na shekara tare da ita zai kalla. Baba kuma ya ce bayan gobe yana son jin amsarta.

Mai Faci ya daɗe yana juya wani guntun roba a hannu.

"Me za ki ce wa Baba?"

"Gaskiya zan faɗa masa. Ni ce ban ɗaure ba."

"Mun gama wannan maganar, Sifana."

"Kai ka gama. Ni kullum da ita nake kwana, da ita nake tashi." Hawaye ya fara zubo mata, ba ta share ba. "Ka dubi rumfar nan. Ka dubi kanka. Jiya Umma ta ɗauki kofi ya suɓuce mata, ta yi dariya ta ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne."

"In kin faɗa, garejin nan kin bar shi har abada, kin san halinsa. Kuma ba zai ba ni ke ba duk da haka, zai ce na yi masa ƙarya. Kin ga an yi biyu babu." Ya ɗago ya dube ta. "Ni namiji ne, an zage ni, ya wuce. Ke in ya daina kiran ki Sifana, ba za ki iya ɗauka ba."

"To in auri Dillali ke nan?"

Ya miƙe ya shiga gyara jerin tayoyin da ba su buƙatar gyara. Sai da ta juya za ta tafi ya ce mata ta yi wa Dattijo addu'a gobe.

Dattijo shi ne direban nan da take mutuwar so. Su suka sa masa sunan, don ya kusa shekara arba'in a sana'ar da yara 'yan ashirin ke cin kasuwarsu. Shekara goma sha huɗu yana tsere a sahun manya, ya zo na biyu sau uku, bai taɓa ɗaukar kambun duniya ba. Bana ya ce daga wannan ya ajiye hular kwano. In ya zo na ɗaya gobe, kambun nasa ne.

Ranar Lahadi da azahar Dillali ya iso da kwalin lemo, ƙamshinsa ya riga shi shiga falo. Baba ya zauna ne don kunyar baƙo kawai, ya ɗaure fuska, ya juya kujerarsa rabi tana kallon ƙofa. Umma na gefe da carbi. Sifana ta zauna a kan darduma kusa da ƙafar Umma, ta ƙudurta ba za ta nuna ko ɗigon sha'awa ba.

Dillali kuwa baki ya buɗe. Ya tambaya ina ƙofar motar, ina ake sa fasinja, me ya sa ba a yi musu fitilar gaba ba. Ya ce shi a ganinsa waɗannan ko kyauta aka ba shi ba zai samu mai saye ba. Sifana na amsa masa da i da a'a.

Motoci ashirin suka jeru bibbiyu. Jajayen fitilu biyar suka kama ɗaya bayan ɗaya, ƙarar injuna ta yi sama har gilashin taga ya ɗauki rawa. Fitilun suka mutu gaba ɗaya.

Duk yawan kallon da ta yi, wannan daƙiƙar ba ta taɓa zame mata jiki ba. Motocin suka zuba cikin kwanar farko a cunkushe, taya na shafar taya, tsakaninsu bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma kowa na gudun da in a titi ne ko lambar mota ba za ka gani ba. Shuɗiyar motar Dattijo ta tashi a ta huɗu. Kafin su fita kwana ta uku ta zama ta biyu. Sifana ta damƙe gefen darduma.

Aka koma nuna hoto daga saman kan direban. Hannuwansa biyu a sitiyari, yatsu na taɓa giya, katanga na tahowa kamar za ta shigo falon, sai ya kauce mata da ɗan motsin da ko mai zura zare a allura ya fi shi.

A nan ta ji kujerar Baba ta yi ƙara. Ya juyo da ita.

Ba hoton yake kallo ba tukuna, kunne ya kasa. Leɓensa na motsi, yana ƙirga sauyin giya. Can ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ko injin nan haka zai yi ta kuka har a gama. Ta ce sa'a ɗaya da rabi. Ya girgiza kai a hankali ya ce wanda ya haɗa wannan injin ya san ƙarfe.

A zagaye na goma sha takwas Dattijo ya shigo sauya taya. Mutum kusan ashirin cikin hular kwano suna tsugune suna jira, kowa a gurbinsa. Motar ta tsaya, aka ɗaga ta, aka ji zit-zit, aka sauke, ta tafi. Dillali ya ɗauka fasawa aka yi, ya ce ai ba su taɓa komai ba.

"Taya huɗu suka sauya," in ji Sifana. "Daƙiƙa biyu da ɗan abu."

Baba ya ce ƙarya ne. Sai ga shi an sake nunawa a hankali. Kowace taya mutum uku: mai cirewa, mai sawa, da mai riƙe bindigar iska da ke kwance noti ta ɗaure. Noti ɗaya ne tal a tsakiyar kowace taya. Hannu na fita hannu na shiga, ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya taka wani. Mai bindiga yana gamawa zai ba da alama, sai alamu huɗu sun cika a saki motar.

Baba ya zame har bakin kujera, bakinsa a ɗan buɗe. Mutumin da ya ce mahaukata ne, shi ne yanzu yake tambaya sau nawa suke gwada wannan kafin su iya. Ta ce kullum, sau ɗaruruwa, har ido a rufe. Ya ce lallai, hannu ne ya haddace, ba kai ba. Ta daɗe ba ta ji Baba ya yi mata magana da wannan muryar ba, ta gareji, ta abokan aiki. Ta ji daɗi, daɗin kuma ya zo da ciwo.

Sai ruwan sama ya sauko a filin, kowa ya koma tayar ruwa.

Abin da Dattijo ya yi a zagaye goma da suka biyo baya, Sifana ta san ko jikokinta sai ta ba su labarinsa. Yara suna sulɓewa suna fita ciyawa, wata farar mota ta juya sau biyu ta daki shingen tayoyi. Feshin ruwa ya rufe gaba, ko motar da ke gabanka ba ka gani. Shi kuwa ya bar hanyar da kowa ke bi, wadda roba ta sa ta yi santsi, ya koma can bakin kwana inda kwalta ke da kaushi. Yana bin mai jan ragamar tseren, wani yaro a baƙar mota, yana matsowa taku-taku. A doguwar miƙaƙƙiyar hanya suka jera kafaɗa da kafaɗa. Kwana na zuwa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara taka birki. Yaron ya taka. Dattijo ya ƙara jinkiri kamar na ƙiftawar ido, sannan ya taka, motar ta yi rawa, ya riƙe ta, ya shige.

Umma ta saki carbi ta yi salati. Dillali ya manta da lemon da ke hannunsa. Baba kuwa yana tsaye, bai ma san ya miƙe ba. Ya ce shi ya yi tuƙi, ya ga matuƙa, amma wannan a ƙafarsa yake jin kwalta.

Ruwa ya ɗauke, hanya ta fara bushewa. Saura zagaye goma sha biyu kowa ya shigo a mayar masa da tayar rani. Dattijo ya shigo da tazarar daƙiƙa shida. Tsayawa ɗaya ta rage tsakaninsa da abin da ya nema shekara goma sha huɗu.

Aka ɗaga, aka ji zit-zit, aka sauke, ya tafi.

Baba ne ya fara gani. Ya nuna da yatsa ya ce tayar bayan dama ba ta zauna ba. Kafin ya rufe baki tayar ta fara lilo. Shuɗiyar motar ta rage gudu, ta gangara gefe, ta tsaya a kan ciyawa, baƙar mota ta wuce ta kamar ba ta san ta ba.

Sifana ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi tun daga ka. Taya ce, noti ne, kuma gefen dama.

Dattijo ya daɗe a zaune cikin motar. Sannan ya fito, ya mayar da sitiyarin gurbinsa, ya kama hanya a ƙafa, dubban mutane a tsaye suna tafa masa. Bai ɗaga musu hannu ba. Kyamara ta bi shi har cikin garejinsu. Can ƙurya, bayan tarin tayoyi, mai bindigar tayar bayan dama na zaune a ƙasa, bai cire hular kwanonsa ba, ya haɗa kai da gwiwa. Abokan aikinsa sun ba shi wuri. Dattijo ya wuce manyan kamfanin da ke miƙo masa hannu, ya je ya durƙusa a gaban mutumin, ya rungume shi da hular da komai, ya daɗe yana yi masa magana a kunne.

Da aka gama tseren 'yan jarida suka tare shi. Baba ba ya jin harshen, ya ce Sifana ta fassara. Ta ce, cewa ya yi laifinsa ne. Wai ya wuce layin tsayawa da kusan taƙi ɗaya, shi ya sa bindigar ta shiga a karkace. Wai mutanensa ba su taɓa ba shi kunya ba, shi ne ya ba su yau.

Ana cikin haka aka sake nuna tsayawar daga sama. Baba ya matsa har gaban talabijin, ya sa yatsa a kan gilashin, daidai inda tayar gaba ta tsaya a kan rawayan layi. Ko kaurin yatsan ba ta wuce ba.

"Ƙarya yake yi," in ji Baba a hankali. "A kan layi ya tsaya. Wancan ne ya ba da alama kafin noti ya kama. Rufa masa asiri yake."

Ya koma ya zauna, yana kallon fuskar Dattijo da wani irin girmamawa da Sifana ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Shekara goma sha huɗu ta zube a ƙasa, kuma ya ɗauki kayan wani ya ɗora a kansa a gaban duniya. Wannan namiji ne." Ya nuna talabijin. "Wanda nake tausayi wancan mai hular ne. In ya bari aka tafi a haka, ya gama jin daɗin rayuwarsa."

"Ni ce, Baba."

Sifana ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. Ta juyo a durƙushe, ta fuskance shi.

"Ke ce me?"

"Tayar motarmu. Ba shi ba ne. Ya bar min wilsifana ya je taimakon wata mata, na ce zan ƙarasa. Na ɗaure ɗaya aka tashi tsere, na manta." Kuka ya ƙwace mata, ta ci gaba a cikinsa. "Ni na karya hannun Umma. Ni na sa ka zage shi a gaban mutane, ina tsaye a bayanka ina ji. Ya ce in yi shiru don kada ka kore ni daga gareji, ni kuma na yi shiru don na fi son garejin da mutuncinsa. Wata bakwai, Baba. Ka yi min duk abin da za ka yi, amma ka daina cewa shi ne."

Dillali ya ajiye lemonsa a hankali, ya ce ya tuna akwai mai jiran sa a wurin aiki. Ba wanda ya raka shi, ya fita yana laluben takalmi.

Umma ta ɗora lafiyayyen hannunta a kan Sifana. Ta ce ita ta daɗe da zargin haka, don tun da aka cire mata ɗauri yarinyar nan ba ta bari ta ɗauki ko cokali, kuma ba ta taɓa yarda ta kalli hannun ba. Ta ce ita ta yafe tun kafin a roƙe ta.

Sifana ta gwammace Baba ya yi faɗa, ya fasa wani abu. Shi kuwa ya zauna yana kallon tafukan hannunsa masu baƙin man da sabulu ya gaji da shi. Sai da aka fara nuna talla ya miƙe, ya kashe talabijin daga jikin bango, ya sa takalmi.

"Tashi mu je."

Bai ɗauki mota ba. A ƙafa suka tafi, shi a gaba ita a baya, rana ta yi sanyi, masu shaguna suna zaune a ƙofa. Wanda duk ya gaishe shi sai ya ce ya biyo shi, yana da magana. Kafin su kai rumfar sun zama mutum goma sha wani abu: mai walda, mai kayan gyara, tela, da mai shagon da taya ta daki katangarsa.

Mai Faci na zaune da waya a hannu, idonsa ja, da alama shi ma ya ga abin da ya samu Dattijo. Ganin Baba da jama'a ya sa ya miƙe a firgice. Ya dubi Sifana, ya ga fuskarta, ya gane. Ya runtse ido.

Baba ya tsaya daidai inda ya tsaya wata bakwai da suka wuce. Ya ce a nan ya ci mutuncin yaron nan, a gaban waɗannan mutane, don haka a nan zai janye. Ya ce ba shi ya bar tayar ba, 'yarsa ce. Ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin titi ma zai ji. Sannan ya ce wa Mai Faci ya yafe masa.

Mai Faci ya zube a ƙasa yana cewa don Allah Baba ya bari, shi ɗa ne.

"Kana da laifi biyu," in ji Baba. "Ka bar aikinka a hannun wani, kuma ka dubi idona ka yi min ƙarya. Na farkon kada ka sake. Na biyun, yau na ga wanda ya fi ka ya yi irinsa, ban iya ganin baƙinsa ba." Ya numfasa. "Ba zan ce na ba ka ita ba sai na tambaye ka. Ta ga ana zagin ka, ta ga sana'arka ta mutu, ta yi shiru wata bakwai. Har yanzu kana son ta?"

Sifana ba ta taɓa kawo wa ranta cewa tambayar za ta juyo ta wannan gefen ba.

"Baba, ba shiru ta yi ba, ni na hana ta. Sau nawa tana zuwa nan tana kuka..."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Mai Faci ya ɗago. Bai dubi jama'a ba, bai dubi Baba ba, ita ya duba.

"Ina son ta. Ko sau goma za a sake, ni zan ce ni ne."

Mai walda ya yi gyaran murya ya kau da kai. Baba ya jinjina kai sau biyu, ya ce magabatansa su zo ranar Asabar, kuma a gaya musu shi ne mai ba da haƙuri.

Sannan ya juyo gare ta. Ta durƙusa a kan ƙasar rumfar mai baƙin mai, ta ciro makullin gareji daga jakarta ta miƙa masa da hannu biyu, tun kafin ya nema. Baba ya dubi makullin, bai karɓa ba.

"Shekara ashirin ina koya miki yadda ake ɗaure noti," ya ce. "Ban taɓa koya miki cewa in kin manta, za ki iya zuwa ki faɗa min ba. Tsorona ne ya rufe miki baki. Wannan ba laifinki ba ne, ba kuma nasa ba."

Ya kama yatsunta ya naɗe su a kan makullin, ya riƙe hannun nata a cikin nasa.

"Gobe ƙarfe bakwai, Sifana. Akwai mota a kan jak tana jiran ki."